Ziyarar masana'anta: yadda za a koya wa yara tambayar iƙirarin kamfanoni kan muhalli

A Turai, kai iyali yawon buɗe ido cikin masana'anta ya zama ruwan dare. A nan yankinmu ma, makarantu kan kwashi ɗalibai zuwa kamfanin lemo, na siminti ko na ruwan leda. Akan sa wa yara hular kwano, a zaga da su, a nuna musu bishiyoyin da aka dasa a harabar, sannan a shaida musu cewa kamfanin yana kare muhalli. Ana cewa gani ya kori ji. To amma a irin wannan ziyara, mai gida ne ke zaɓar abin da baƙo zai gani.

Misali mafi bayyana shi ne na Volkswagen. A farkon shekarun 2000 kamfanin ya buɗe wata masana'anta mai bangon gilashi a birnin Dresden na Jamus, domin jama'a su kalli yadda ake harhaɗa mota ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Sai ga shi a watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin ya sanya wata manhaja a motocinsa masu amfani da dizal. Manhajar kan gane lokacin da ake gwajin mota, sai ta rage hayaƙi mai guba. Da zarar motar ta hau titi, hayaƙin kan kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Babu gilashin da zai nuna wannan maguɗi. Masu binciken wata jami'a a jihar West Virginia ne suka gano bakin zaren, saboda sun auna hayaƙin a kan hanya.

Shi ya sa ribar ziyarar tana cikin tambayoyin da yara za su yi. Uku sun isa.

Ta farko: daga ina kayan aiki da ruwa suke fitowa? Idan kamfanin yana jan ruwa daga rijiyoyin burtsatse, nawa yake ja a rana, kuma yaya rijiyoyin maƙwabta suke a lokacin rani?

Ta biyu: ina sharar take zuwa? Alamar kibiyoyi a jikin gorar roba ba shaida ba ce cewa za a sake sarrafa ta. Rahoton ƙungiyar OECD na 2022 ya nuna kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. Yaron da ya ga leda ta toshe magudanar unguwarsu da damina ya riga ya san rabin amsar.

Ta uku: wa ya tabbatar? Kalmomi irin su "mai tsabta" ko "abokin muhalli" ba su da ma'auni. Saboda haka ne dokar Faransa ta 2020 kan yaƙi da almubazzaranci ta hana rubuta "biodégradable" da "respectueux de l'environnement" a jikin kaya. Tun Janairun 2023 kuma, duk mai tallar da ya ce kayansa ba sa ƙara iskar da ke ɗumama duniya, dole ya wallafa hujjarsa. Kayan Faransa da yawa suna shigowa kasuwanninmu, don haka sanin wannan yana da amfani.

Wannan ba ya nufin kowane kamfani maƙaryaci ne. Wasu suna rage ɓarnar ruwa da wuta da gaske, kuma irinsu ba sa gudun kawo alƙaluma. A koya wa yara su yi tambaya cikin ladabi, su rubuta amsar, su kuma lura da tambayar da aka kauce wa.

Bayan an fito, kada a wuce gida kai tsaye. A zaga bayan katanga, a duba inda ruwan dattin yake bi, a gaisa da mazauna wurin a ji ta bakinsu. Idan an koma gida, sai a zauna a gwada abin da jagoran ziyara ya faɗa da abin da aka gani a bayan katangar.