"Gaban kai" ko "raɗin kai": Kalmomin da ke yanke hukunci tun kafin a je gaban alƙali

Duk mai sauraron labaran rediyo ya saba jin an ce wata ƙasa "ta yi gaban kanta", ko wani minista ya ajiye aiki "bisa raɗin kansa", ko an tsagaita wuta "daga ɓangare guda". Da yawanmu ɗalibai mun ɗauka duk kanwar ja ce, tunda a kowanne mutum ɗaya ne ya yi abu shi kaɗai. Amma idan muka auna su, za mu ga wata tana yabo, wata tana zargi, wata kuma ba ruwanta.

A Turanci kalmar da ta fi yawo a irin waɗannan labarai ita ce "unilateral", wadda ta samo asali daga kalmomin Latin biyu masu nufin "ɗaya" da "gefe". Idan ta iso teburin mai fassara, dole ya zaɓi ɗaya cikin kalmomin Hausa da dama, kuma zaɓin nasa ne zai sa mai sauraro ya ga laifin wani ko ya wanke shi.

Kowace da nauyinta

"Ɓangare guda" ƙidaya ce kawai. Tana gaya mana cewa ba a haɗu an yi ba, ba tare da ta ce an kyauta ko ba a kyauta ba.

"Raɗin kai" na nuna cewa ba wanda ya tilasta wa mutum. Ɗalibar da ta bar karatun lauya ta koma aikin jarida bisa raɗin kanta, zaɓinta ta yi.

"Ƙashin kai" ta ɗara haka, domin tana nuna mutum ya ɗauki nauyin abin ba da sunan kowa ba. Wanda ya haƙa rijiya a unguwa a ƙashin kansa ya cancanci godiya. Sai dai mu kula da lanƙwasar "ƙ" idan muna rubutu a waya, domin da zarar ta faɗi, kalmar ta koma wani abu da ba a ambata a gaban manya.

"Gaban kai" kuwa zargi ce. Ba a cewa mutum ya yi gaban kansa sai in akwai waɗanda suke da haƙƙin a tuntuɓe su, ya tsallake su. Yaron da ya tafi ci-rani bai sallami iyayensa ba, gaban kansa ya yi.

"Son kai" ta shiga zuciya, tana cewa don amfanin kansa ya yi. "Kama-karya" ita ce ƙarshe: mai ƙarfi ya yanke shi kaɗai, sannan ya tilasta wa kowa ya bi.

Yadda suke aiki a tarihi

A ranar 11 ga Nuwamban 1965, gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ta Ian Smith ta ayyana 'yancin kan Rodeshiya ba tare da amincewar Ingila ba, kuma ba tare da an ba baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, damar yanke makomarsu ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da matakin, kuma babu ƙasar da ta amince da gwamnatin a hukumance. Sai a 1980 ƙasar ta sami 'yancin da duniya ta yarda da shi da sunan Zimbabwe. A nan "gaban kai" ta zauna daram, domin ga waɗanda aka tsallake nan ƙarara.

Mu kwatanta da Kolombiya. A watan Disambar 2014, 'yan tawayen FARC sun sanar da tsagaita wuta su kaɗai yayin da suke tattaunawa da gwamnati a Habana, babban birnin Kyuba, tattaunawar da ta kai ga yarjejeniyar sulhu a 2016. Labaran Turanci sun yi amfani da kalmar da suka yi wa Smith. Amma wanda ya ce 'yan tawayen "sun yi gaban kansu wajen ajiye makami" ya mayar da abin alheri laifi. "Daga ɓangarensu kaɗai" ce ta dace.

Akwai kuma misalin da ya shafe mu kai-tsaye. A ranar 28 ga Janairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, suka ce nan take. Yarjejeniyar ƙungiyar ta tanadi sanarwar shekara guda, don haka ƙungiyar ta ɗauki ficewar a matsayin wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Mai goyon bayan matakin zai ce ƙasashe masu 'yanci ne suka fice bisa raɗin kansu. Mai adawa zai ce gwamnatocin soja ne suka yi gaban kansu. Lamari ɗaya ne, amma daga kalmar da mutum ya ɗauka za mu gane inda ya karkata. Ga ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, wannan ba muhawarar aji ba ce.

Ina ruwanmu?

A makarantunmu ma haka take. Idan wakilin aji ya je wajen malami ya sauya ranar gwaji bai tambayi kowa ba, wanda ya fara rubuta "ya yi gaban kansa" a dandalin WhatsApp na aji ya riga ya kama shi da laifi. Wataƙila kuwa malamin ne ya kira shi ya ce ya zaɓi rana nan take. Kafin ya buɗe baki ya kare kansa, saƙon ya zagaye ɗakunan kwana. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. A wayoyinmu kuwa, kalma guda kan isa a gama da mutum.

Saboda haka, kafin mu zaɓi kalma a jarrabawar fassara, ko a mujallar makaranta, ko a Facebook, mu yi wa kanmu tambayoyi uku. Akwai wanda ya kamata a tuntuɓa? An tuntuɓe shi? Wa abin ya shafa, mai yin ne kaɗai ko har da wasu? Idan shi kaɗai ya shafa, raɗin kansa ne. Idan an tsallake masu haƙƙi, gaban kai ne. Idan kuwa ba mu ji ta bakin kowa ba tukuna, mu tsaya a kan "ɓangare guda" har sai mun ji.