Ciwon ƙoda na gado: me ya sa masu bincike ke haɗa kaya wuri ɗaya?

Akwai ciwon ƙoda da ake gada daga iyaye, wanda ƙuraje masu ruwa ke cika ƙoda su kumbura ta har ta kasa tace jini. Idan uba ko uwa na ɗauke da nau'in da ya fi yawa, kowane ɗa da aka haifa zai iya gadonsa ko ya tsira, rabi da rabi. An gano ƙwayoyin halittar da ke jawo ciwon: PKD1 a 1994, sai PKD2 a 1996.

Bincikensa na da tsada, kuma asibiti ɗaya ba ya tara marasa lafiyar da za su isa a fahimci ciwon. Shi ya sa a Amurka hukumar binciken lafiya ta NIH ke ba wasu jami'o'i kuɗi su tara samfurin jini, ƙwayoyin ƙoda da ɓerayen gwaji, cibiya ɗaya na tsara rabonsu. A Afirka, shirin H3Africa ya kafa ma'ajiyar samfura a Abuja.

Ga mutumin Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002. Hoton ciki kan nuna ƙurajen. Duk gidan da ciwon ƙoda ya kama mutum biyu ko uku, ya kamata 'yan'uwa su auna hawan jini, su faɗa wa likita tarihin dangi. Da irin wannan bayani ake gina rajistar marasa lafiya da masu bincike ke buƙata.