Yadda lantarki ke tafiya a jiki, da dalilin da gubar rogo ke kisa

A cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam akwai wani sinadari mai suna sitokrom oksidas, mai ɗauke da ƙarfe da tagulla. Ƙwayoyin lantarkin da jiki ke samu daga abinci kan tsallaka daga tagulla zuwa ƙarfe, tamkar mai ƙetare rafi bisa duwatsu, har guda huɗu su riski iskar oksijin su mayar da ita ruwa. Ta haka jiki ke samun kuzari.

Gubar sayanayid da ke cikin rogo mai ɗaci takan manne wa ƙarfen, ta toshe wannan hanya. Shi ya sa mutum kan halaka alhali jininsa cike yake da oksijin. Ɓare rogo, jiƙa shi na kwanaki da shanya shi sosai na rage gubar.