Kwaɗi: 'Yan Ƙwadagon Da Ba A Biya A Gonakin Kontagora

Da zarar ruwan farko ya sauka a garin Kontagora, wajen watan Afrilu ko Mayu, to, dare ya daina yin tsit ke nan. Daga bakin Kogin Kontagora har zuwa kududdufan da ke cikin unguwanni, ba abin da kunne ke ji sai kukan kwaɗi, wannan ya ɗauka wancan ya amsa, har gari ya waye. Mutane da yawa suna ɗaukar abin a matsayin hana barci kawai, yara kuwa su bi kwaɗin da jifa. Alhali kuwa waɗannan halittu da aka raina suna yi wa manomin ƙasar Kontagora aikin da in da ɗan Adam ne zai yi shi, da sai an biya shi lada mai tsoka.

Bahaushe ya san kwaɗo sani na haƙiƙa, har ya ara wa abin kulle ƙofa sunansa. To amma kwaɗi iri-iri ne. Akwai na gida, mai kaushin fata da gajerun ƙafafu, wanda kan ɓuya a gindin randa ko ƙarƙashin rumbu da rana. Akwai kuma burduddugi, babba mai santsin jiki da dogon tsalle, wanda ba ya nisa da tafki ko fadama. Na gida yakan zuba ƙwansa a ruwa a jere cikin wani dogon zare mai yauƙi. Bayan 'yan kwanaki sai talibamban ya fito da wutsiya kamar kifi, daga baya ya tsiro ƙafafu, wutsiyar ta shige, ya hau tudu. Akwai wani ɗan'uwansu mai wutsiya da Turawa ke kira salamanda, mai kama da ƙadangare, amma babu shi a Nijeriya. A nahiyar Afirka sai can arewa, kamar Maroko da Aljeriya, ake samunsa.

Yara kan ce daga sama kwaɗi ke faɗowa tare da ruwa. Gaskiyar magana ita ce, suna nan duk tsawon rani, wasu a binne cikin ƙasa, wasu a ramuka masu laima, suna jiran damina. Kukan da ake ji kuwa mazan ne ke yi, domin kiran mata zuwa bakin ruwa.

Aikinsu ga manomi

Abincin kwaɗo ƙwari ne. Duk wanda ya tsaya kusa da fitila a daren da shinge ya fito zai ga kwaɗi sun kewaye wurin suna lasar su ɗaya bayan ɗaya. Haka suke yi wa gara da gyare da fara da tsutsotsi a gonakin masara da dawa da wake, da kuma fadamun shinkafa, waɗanda su ne arzikin wannan yanki na Jihar Neja. Bugu da ƙari, talibamban na burduddugi mai cin nama ne, kuma 'ya'yan sauro da ke cikin ruwa suna daga cikin abincinsa. Wannan ba zai maye gurbin gidan sauro ba, amma dai taimako ne. Su kansu kwaɗin abinci ne ga shamuwa da zalɓe da manyan kifaye.

Ƙasar Indiya ta ga abin da rashin kwaɗi ke jawowa. Shekaru da yawa tana kama su daga gonakin shinkafa tana sayar da cinyoyinsu ga ƙasashen Turai da Amurka. Da kwaɗin suka ragu, aka shiga kukan yawaitar ƙwari da ƙaruwar kuɗin magani, sai gwamnatin ƙasar ta hana fitar da su a shekarar 1987.

Abin da ke rage su

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatarsa yake tsotsa, kuma da ita yake yin wani ɓangare na numfashinsa. Saboda haka duk gubar da ta shiga ruwa ta shiga jikinsa. Yanzu da maganin feshi ya zama ruwan dare a gonaki, manomin da ya gama feshi ya wanke tankinsa a rafi yana iya hallaka talibamban masu ɗimbin yawa ba tare da ya sani ba. Ruwan nan kuwa shi ne shanu ke sha, a cikinsa yara ke wanka. Tafkin da aka saba jin kukan kwaɗi a cikinsa, in ya yi shiru da tsakiyar damina, ya kamata mutanen unguwa su tambayi kansu abin da aka zuba a ciki.

Har ila yau akwai cike kududdufai domin gine-gine, da zubar da shara da leda da baƙin mai a magudanan ruwa, da ƙunar daji da rani. Sannan ga fatauci. Wani bincike da Meike Mohneke da Abiodun Onadeko da Mark-Oliver Rödel suka buga a shekarar 2010 ya nuna cewa mutum 32 kacal da aka tambaya a Nijeriya, abin da ke bi ta hannunsu a shekara ya kai kwaɗi kimanin miliyan 2.7, yawancinsu burduddugi. Daga arewa da ƙasashen maƙwabta kamar Benin ake kamo su, a busar, a kai kasuwannin kudu maso yamma. Neman abinci ba laifi ba ne, amma kamun da ba ya barin iri ƙarshensa ya bar mai kamun da hannu wofi.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙasar nan ba. Ƙididdigar da masana suka fitar a shekarar 2023 ta nuna cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu a duniya suna cikin haɗarin ƙarewa.

Abin da ya kamata a yi

Masu tsoron kwaɗon gida suna da 'yar hujja, domin a bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da wani farin ruwa mai ɗaci, wanda da shi yake kare kansa. Shi ne ke sa kare ya yi kumfar baki in ya cije shi. Amma taɓa shi ba ya sa ƙuraje. Abin kiyayewa dai a wanke hannu kafin a kai ido ko baki. In ya shiga ɗaki, tsintsiya ta isa a fitar da shi. Gaskiya ne wasu macizai suna cin kwaɗi, to amma share ciyawa da tarkace a kewayen gida ya fi kisan kwaɗi maganin maciji.

Ya kamata malaman gona su riƙa jan kunnen manoma kada su wanke kayan feshi a rafi, kada kuma su jefa robar magani a fadama. Masu kamu su ɗaga wa kwaɗi ƙafa a farkon damina, lokacin da suke zuba ƙwai. Malaman makaranta kuma su kai yara bakin kududdufi su ga yadda talibamban ke rikiɗa, domin yaron da ya ga wannan ikon Allah da idonsa da wuya ya sake ɗaukar dutse. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.