Zanen Ajujuwa a Ajingi: Fayil ɗin Revit ko na IFC?

A ce za a gina ajujuwa uku a wata firamare ta Ajingi. Mai zanen matashi ne da ya karanta zanen gini a jami'ar Wudil, ya tsara komai a manhajar Revit: bango, ginshiƙi, taga, rufin kwano. To, da wane irin fayil zai miƙa aikin ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma?

Fayil ɗin Revit ba abin rainawa ba ne. Idan aka matsar da bango, ƙofa da taga su bi shi, lissafin kaya ya gyara kansa. Sai dai makullinsa na hannun kamfanin Autodesk na Amurka, wanda ya daina sayar da lasisin dindindin tun 2016, ya koma bayar da haya da kuɗin waje. Ga wata kuma: fayil ɗin da aka adana a sabon Revit ba ya buɗuwa a tsoho.

Shi kuwa tsarin fayil na IFC ba na kamfani ɗaya ba ne. Ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi, ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 16739 a 2013. Manhajar Archicad na karanta shi, haka FreeCAD da Bonsai, waɗannan biyun kyauta ne.

Amma fa yana da tasa wahalar. Sai mai zane ya zauna ya saita kafin ya fitar da fayil ɗin: ya zaɓi nau'in IFC2x3 ko IFC4, ya sa alama a fitar har da adadin kaya, ya tabbatar kowane abu ya tafi da sunansa. In ya yi gaggawa, ginshiƙi zai iso ɗaya ɓangaren a dunƙule, ba suna ba bayani, mai ƙiyasin kaya ya rasa inda zai ciro yawan kankare. Gyara zane a cikinsa ma ba ya sauƙi kamar a Revit.

Duk da haka, ni IFC nake goyon baya wajen miƙa ginin jama'a. Yayin zane, kowa ya yi da manhajar da hannunsa ya saba. Amma bayan shekara goma, idan iskar farkon damina ta yaye kwano, ɗan kwangila ya daɗe da tafiya, injiniyan da zai zo gyara ne zai buƙaci girman katako da tazarar ginshiƙai, kuma da wuya ofishinsa ya iya biyan hayar Revit da dala. Ya kamata a rubuta a takardar kwangila cewa za a miƙa IFC, a buɗe shi a kwamfutar ofis a duba kafin a biya kuɗin ƙarshe.