Gansakuka a Tafkin Kifi na Gida

Gansakuka, wato ƙananan tsirran ruwa marasa saiwa da ke mayar da ruwa kore, ba ta rabuwa da tafkin kifi, na siminti ne ko na tamfol ko wanda aka haƙa a ƙasa, kuma kaɗan daga cikinta amfani ne, domin karfasa na cin ta, sannan da rana tana sakin iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Ɓarnarta na zuwa ne idan ta yi kauri, saboda da faɗuwar rana takan daina samar da iskar, ta koma shaƙarta tare da kifin, ta yadda kafin asuba iskar cikin ruwan ta yi ƙaranci ƙwarai. Shi ya sa ake tarar da kifaye sun taso suna haki da sassafe, musamman a bazara, lokacin da ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Tarwada tana jurewa, tunda tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye, amma karfasa ba ta da wannan gata.

Yawancin laifin na hannun mai kiwo ne. Abincin da aka zuba fiye da kima yakan nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashin kifi ya zama taki ga gansakuka, don haka abin da kifi ba zai cinye cikin minti 15 ba, bai kamata ya shiga ruwa ba. Ana gane kaurin gansakuka ta hanyar tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu: idan tafin hannu ya ɓace wa ido tun kafin ruwa ya kai gwiwar, to lokaci ya yi da za a rage abinci, a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a kuma yi wa sashen tafkin rumfa.

Zuba maganin kashe gansakuka, irin mai sinadarin jan ƙarfe, ganganci ne ga wanda bai san awo ba, domin yana iya kashe kifin, kuma gansakukar da ta mutu gaba ɗaya takan ruɓe ta cinye sauran iskar. Akwai kuma nau'in da ke kwantawa a saman ruwa kamar fenti, yana wari, wanda wani lokaci ke ɗauke da guba mai lalata hanta, saboda haka ba a shayar da awaki ko kaji irin wannan ruwan.