Binciken Dakta Burkitt a Kan Sankarar Muƙamuƙin Yara

Mai karatu, akwai wani ciwon daji da ke kama yara ƙanana a Afirka, mafi yawa 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma ya fi kama maza. Yakan fara da kumburi a muƙamuƙi ko a ciki, haƙora su riƙa girgiɗi, wani lokaci ido ya turo waje. Sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne kare jiki daga cuta. Tana cikin sankarorin da suka fi saurin girma, domin kumburin yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Likitan da ake kiran ciwon da sunansa shi ne Denis Burkitt, mutumin Ailan, mai aikin tiyata a asibitin Mulago da ke Kamfala a ƙasar Yuganda. A shekarar 1957 ya ga wani yaro da irin wannan kumburi, ba a jima ba ya ga wani. Sai ya shiga tonon tsofaffin takardun asibiti, ya wallafa sakamakonsa a 1958.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne taswira. Ya aika wa asibitocin Afirka takardun tambaya da hotuna: kuna ganin wannan ciwo a wajenku? A 1961 kuma shi da abokansa likitoci biyu suka shiga tsohuwar mota, suka yi tafiyar kusan mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka suna bin asibitoci. Da aka dasa alamomi a kan taswira sai ga abin mamaki. Ciwon yana bin wurare masu ɗumi da yawan ruwan sama, ba ya hawa kan tsaunuka masu sanyi. A Nijeriya ma ya lura yana da yawa a kudu, amma ba kasafai ake ganinsa a yankin Kano ba, duk da yawan jama'arta. To, me ke son ɗumi da danshi, yake gudun sanyi? Sauro. Taswirar ciwon ta yi daidai da taswirar wuraren da zazzaɓin cizon sauro ke addabar yara shekara duka.

Sai dai sauro ba shi kaɗai ba ne. Wani masani a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar kumburin daga Kamfala. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairas a ciki, wadda ita ce ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Yawancin mutanen duniya suna ɗauke da ita ba tare da wata illa ba. Amma yaron da zazzaɓi ke kayarwa a kai a kai, garkuwar jikinsa takan kasa danne ta, fararen ƙwayoyin su yi ta haihuwa har wata ta lalace ta zama sankara.

Saurin girman nan shi ne lagon ciwon, domin magungunan sankara sun fi cin ƙwayoyin da ke saurin rabuwa. An gwada su a Kamfala da Nairobi da Ibadan, inda Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'a. Shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972.

A yau kusan yara 9 cikin 10 na warkewa a ƙasashe masu arziki. A nan Afirka adadin bai kai haka ba, saboda tsadar magani da jinkirin zuwa asibiti. Iyaye da yawa sukan ɗauka ciwon haƙori ne, a cire haƙorin a koma gida, alhali kumburin yana ƙaruwa kullum.